In Ruwa Ya Ƙafe, Jirgi Ya Kafe

Cikin zafin bazarar bara ɗan ƙanwata ya kira ni daga Yelwa. Muka gaisa, na tambayi uwarsa da yara, sannan ya ce, "Kawu, don Allah in ka shiga kasuwa ka duba mini abin ja."

Na ce wane irin abin ja?

Ya ce, "Irin na hannu, wanda ake fid da mota da shi in ta kafe. Kwana biyu jirgina ya yi a kan yashi da lodin albasa. Na rasa masu turawa."

Mun yi sallama na ajiye waya, amma maganarsa ta ƙarshe ta ƙi barin kunnena. A kogin Kwara da na sani ina yaro, mutum kan rasa kifi, ya rasa kuɗi, ya rasa ko da gishirin miya, amma ban taɓa jin wanda ya rasa masu turawa ba.

Ni ma a hannun kawuna na san ruwa, yayan mahaifiyata, Basarke ne gaba da baya. Duk hutun makaranta wurinsa ake tura ni, ni ne mai kwarfe ruwa da ƙoƙo a tsakiyar jirgi. Kayan aikinsa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: gwangwala biyu, filafili, igiyar rama mai kauri da shi ya tufka da kansa, da ɗan gatari da ke kwance ƙarƙashin wurin zama. Da waɗannan ya yi shekaru yana kai kawo tsakanin gungu da gungu. Jirgi kuwa yana kafe masa, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, don Kwara ba ta ajiye yashinta wuri ɗaya. Inda ka bi bara lafiya lau, bana tudu ne.

In aka ji gindin jirgi ya yi gurr ya tsaya, Kawu ba ya ko ɗaga murya. Sai ya ce, "To, maza a sauka." Kowa ya naɗe wando ya dira, malami da almajiri, mai kaya da ɗan dako. Mata da ƙananan yara su koma can ƙarshen da ke kan ruwa don goshin ya ɗaga. In hakan bai isa ba, a fara sauke kaya a ka, a jera su a kan tudun da ya kama mu. Daga nan sai a yi ta girgiza jirgin, hagu, dama, hagu, dama, har ruwa ya sami hanyar shiga ƙarƙashinsa ya sassauta yashin. Wasu su tsuguna su yi ta yashe gefen da hannu da ƙwarya. Kafin a gama wannan, masu su da ke kusa sun hango, sun taho ba tare da an kira su ba. Kafaɗa goma, kafaɗa sha biyar, wani ya ba da murya, a amsa, a tura. Ladan ɗawainiya goro ne in akwai, in babu a ce Allah ya saka, don kowa ya san gobe nasa ne zai hau yashi.

Akwai dabara ɗaya da Kawu ke ajiyewa sai ranar da babu kowa kusa. Yakan ninka igiya biyu, ya ɗaura kai ɗaya a jirgi, ɗayan a gindin bishiya ko a turken da ya kafa, ya zura guntun itace a tsakanin igiyoyin ya yi ta murɗawa. Igiya na murɗuwa tana gajarta, jirgi na matsowa taƙi ɗaya, taƙi biyu. Sai a tokare, a warware, a sake ɗaurewa. Aiki ne na mai haƙuri, kuma in itacen ya kuɓuce yana iya karya wa mutum haƙarƙari. Shi ne injin ja na farko da na taɓa gani, ko da yake a lokacin ban san sunansa ke nan ba.

Kawu kan ce ni ban ga Kwara ba, tafki na gani. Gaskiyarsa. An kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya yi baya fiye da kilomita 130, har ya kusa Yelwa. Tsohuwar Bussa ta nutse, tsibirin Foge ya nutse, aka tashi mutane sama da 40,000 aka sake musu matsuguni, cikinsu har da Gungawa da suka gaji zaman tsibirai kaka da kakanni. Duwatsun Bussa, inda jirgin Mungo Park ya maƙale a 1806 har ya rasa ransa, su ma suna can ƙarƙashin ruwa. Sai ka ɗauka da aka rufe duwatsun an huta da kafewar jirgi. Ina! Salo kawai ta sake. Daji ne aka nutsar, kuma ba duka aka sare ba, don haka kututtura suka tsaya a ƙasa kamar masu, suna jiran gindin jirgi. Ruwan kuma ya koma hawa da sauka bisa buƙatar masu ba da wutar lantarki da kuma ambaliya biyu da ke cika shi: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa da ke isowa cikin hunturu bayan ya yi doguwar tafiya daga tsaunukan Gini ta Mali da Nijar. Tsakanin cika da raguwa akan sami bambancin kusan mita 10 a shekara. Idan ruwa ya ja baya daga bazara zuwa farkon damina, sai ya bar laka mai faɗi wadda ba ƙasa ba ce, ba kuma ruwa ba. Daga baya, wajen ƙarshen shekarun 1980, wata irin kainuwa mai shuɗin fure ta gangaro ta haɗu da burgu, suka riƙa toshe mashigai.

Mutanen bakin teku, irin su Legas da Fatakwal, suna da wata rahama da mu ba mu da ita. Ruwansu na hawa da sauka sau biyu a yini, wanda jirginsa ya zauna a kan yashi zai iya naɗe hannu ya jira ruwa ya dawo ya ɗauke shi. Mu namu in ya fara sauka, sai bayan watanni. Jirgin da ya kafe da la'asar da ruwa a gwiwa, in ya kwana biyu sai a tarar da ruwan a ƙwauri. Kowane dare da ya wuce, aikin ƙaruwa yake yi.

Jiragen ma sun sake. Na Kawu na farko sassaƙe ne daga gungume ɗaya, ba shi da haɗi balle ya rabu. Ko da jaki ka ja shi, abin da zai same shi ƙarzuwa ce. Da manyan itatuwa suka yi wuya, sai jirgin katako ya maye gurbinsa, allo a kan allo, ƙusa da kwalta. Aka rataya masa inji a baya, yawanci Yamaha, mai doki 15, mai 40, har mai 75. Jirgi ya ƙara tsawo, ya ƙara ciki, ya fara ɗaukar abin da a da sai jirage biyar: buhunan shinkafa da albasa, kwandunan warangi, babura, wani lokaci har da shanu. Kuma da gudu yake tafe. Mai gwangwala yana jin ƙasa a hannunsa kowane taku, tun kafin ya hau tudu ya san ruwa ya rage. Mai inji ba ya jin komai sai ya ji ya hau, kuma gudun ya cusa rabin jirgin a kan yashi. Abin da direban yau ke fara yi shi ne ya sa ribas ya murɗa mai iya ƙarfinsa. Farfela ta tono yashi, famfon sanyaya inji ya zuƙe shi, inji ya yi zafi. Da matsala ɗaya gare shi, yanzu ya sami biyu.

Masu turawa fa? Na tambayi ɗan ƙanwata, ya yi dariya. Ya ce fasinja yanzu kuɗinsa ya biya, yana da waya a aljihu da takalmi a ƙafa, in ka ce ya sauka sai ya ce ka mayar masa da kuɗinsa. Samarin da a da ke cike da bakin kwata, wasu suna kabu-kabu, wasu suna ramin zinariya, wasu sun yi kudu. Waɗanda suka rage sai an yi ciniki kafin su jiƙa ƙafa, kuma sun san ba ka da zaɓi. Ga kuma halin da ƙasa ke ciki: in magariba ta yi mutum ya ji ana ihu daga wani tudu, ba kowa ne zai karkata jirginsa ya je ya duba ba. Ban ga laifinsu sosai ba. Kuma kada in yi ƙarya don son da, turawar nan ba wasan yara ba ce. Na san dattawa da ƙaba ta hana su aiki tun suna da sauran ƙarfi, na san yadda tsargiya ta zama kamar gado a tsakaninmu saboda yawan tsayuwa cikin ruwa. Jirgin yau kuwa, mai tan biyar ko fiye, ko gayya aka yi masa sai an sha wuya.

Haka dai na shirya na nufi Ƙofar Ruwa a Kano, inda ƙarfe ke da kasuwa. Sunan wurin ma ya ba ni dariya: ga ni ina neman maganin rashin ruwa a Ƙofar Ruwa. Na yi yini biyu ina zagaye, ina ɗaga wannan ina ajiye wancan, na kuma ɗauki wani tsohon abokina makaniken manyan motoci ya raka ni, don shi ya san ƙarfe, ni abin da na sani ruwa.

Abin da aka fara miƙo mini cen-bulok ne, irin wanda makanikai ke ratayawa su ciro injin mota. Ƙarfi kam yana da shi. Amma an yi shi ne don ya rataya a sama ya ɗaga abu tsaye. In ka kwantar da shi a ƙasa, sarƙar hannun sai ta yi ta sarƙewa tana fita daga hanyarta, yashi ya shige cikin haƙoransa, kuma sarƙar jan ba ta wuce mita 3 a yawancinsu. Akwai ɗan'uwansa mai mariƙi da ke aiki a kwance, ya fi dacewa, sai dai sarƙarsa ta fi ma gajarta. Injin ja mai batir, irin wanda ake kafawa a gaban jif, ban daɗe a kansa ba: batir yake ci kamar wuta, jirgin katako ba shi da wurin da za a ɗaure shi ya zauna daram, lantarki da laka kuma ba sa ga maciji.

Wanda ya fi jan ido shi ne ɗan ƙaramin nan mai haƙora da 'yar waya naɗe a jikinsa, wanda ake kaɗa mariƙinsa yana ƙas-ƙas. Ba nauyi, ba tsada, kuma an rubuta masa tan 4 da manyan baƙaƙe. Abokina ya karɓa ya juya shi a hannu, ya nuna mini kaurin wayar, bai kai ƙaramin yatsana ba, ya nuna ƙarfen jikin da aka lanƙwasa kamar na gwangwani. Ya ce lambar da ke jiki sai an ninka wayar ake samunta, in ma ana samu, kuma in an ninka abin da ya rage na tsawo bai fi taku biyu ba. Na san dalilin da ya sa irinsa ke ƙarewa a kasuwa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Ga ƙaramin kwalekwalen masunci zai yi amfani. Ga jirgin albasa, ranar da aka fi buƙatarsa ita ce ranar da haƙoransa za su zube.

A rana ta biyu muka sami abin da abokina ke nema tun farko. Tirfor ake ce masa, sunan da kamfanin Tractel na Faransa ya sa wa nasa, har ya zama sunan duk mai irin ƙirarsa, ko a ina aka yi shi. Direbobin daji da masu kafa turakun wuta sun san shi, a Nijar ma da wannan sunan ake kiransa. Ba ya naɗe waya. Wayar ratsa shi take yi ta shiga ta gaba ta fita ta baya, a ciki kuma akwai muƙamuƙai biyu da ke kama ta bi da bi: ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ja, sannan su yi musanya. Da na ga yadda yake aiki sai na tuna hannuwan mai jan guga. Saboda haka tsawon jan ba shi da iyaka sai iyakar wayar, wadda galibi mita 20 ce, kuma ƙarfinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Yana da mariƙin baya, ana iya sassautawa a hankali ba tare da an saki kaya gaba ɗaya ba. Girma uku aka fi sani: mai kilo 800, mai 1,600, da mai 3,200. Babban na ɗaga shi na ajiye, don shi da wayarsa sai mutum biyu, balle a ce za a ratsa laka da shi. Na tsakiyan, da waya da mariƙi, ya ɗara rabin buhun siminti kaɗan. Namiji ɗaya zai saɓa shi.

Akwai wani abu a jikinsa da ya burge ni fiye da ƙarfinsa. A gindin mariƙin an sa wasu 'yan ƙusoshi masu taushi da gangan, don in an matsa masa fiye da kima su karye kafin wani abu mafi tsada ya karye, kaya kuma ya ci gaba da zama a riƙe. Abokina ya ce abin da mutanenmu ke yi shi ne, da sun karye sai a cusa ƙusar kafinta a wurin, a kuma zura dogon bututu a mariƙi don ƙarin ƙarfi. Wato a cire wa kare haushinsa don yana hana barci.

Da na kira ɗan ƙanwata na gaya masa mai 1,600 zan saya, bai ji daɗi ba. Ya ce jirginsa da lodi ya fi tan biyar. Na ce ai ba ɗaga shi za ka yi ba, ja za ka yi, kuma ba duk nauyin ke kan yashi ba, wani ruwa na ɗauke da shi. In ka sauke buhu 20 ka rage tan biyu kafin ka taɓa mariƙi. In har yanzu ya ƙi, ga kura, 'yar tayar nan mai kwarmi irin ta bakin rijiya: ka maƙala ta a jirgi, waya ta zagaya ta dawo, ƙarfinka ya kusa ninkuwa, tafiyar ce kawai za ta ragu da rabi. A laka kuma ba nauyi ne kaɗai abokin gaba ba, tsotso ne. Laka na riƙe gindin jirgi kamar yadda take cire wa mutum takalmi. Maganinta girgizawa da zura gwangwala a ƙasa don ruwa ya shiga, sannan a ja a hankali a bar ta ta saki da kanta.

Sai na yi masa tambayar da ta sa ya yi shiru: a jikin me za ka ɗaura shi? Mota in ta kafe a daji, ga bishiya. Tudun yashi a tsakiyar Kwara ba shi da ko tsinke. Inji ba ya sanin wanne ne jirgi wanne ne turke, wanda ya fi sauƙin motsi shi zai taho. Ka kafa turke a jiƙaƙƙen yashi ka ja, turken ne zai zo ya gaishe ka. Abin yi shi ne abin da Kawu ke yi: a haƙa rami mai zurfi a gicciye, a ɗaura igiya a tsakiyar gungume ko katako mai kauri, a kwantar da shi ciki, a yanka wa igiyar siririyar hanya don ta fito a kwance, a mayar da yashi a tattake. Ko kuma a ɗauki anga mai nauyi a ƙaramin kwalekwale a kai ta can cikin zurfi, a bayan jirgin, don jirgi ta hanyar da ya shiga ta nan ya fi saurin fita. Ke nan shebur da anga suna cikin kuɗin da za a kashe, ba inji kaɗai ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne wurin ɗauri a jikin jirgin. Mutum 15 in suna turawa, ƙarfinsu ya bazu a wuri 15, kuma in katako ya fara kuka suna ji a kafaɗarsu su dakata. Ƙugiya kuwa wuri ɗaya take kamawa, kuma kurma ce. Ka maƙala ta a zoben goshi ko a allon da ke riƙe da inji, tan ɗaya da rabi ya taru a kan ƙusoshi shida. Ko dai allon ya fito a hannunka, ko kuma, abin da ya fi muni, haɗin ya buɗe kaɗan ba wanda ya gani, a liƙe da kwalta a ci gaba da lodi. Duk wanda ya tuna jirgin da ya tarwatse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, cikin Mayun 2021, da yawan gawarwakin da aka yi kwanaki ana tsamowa, ya san abin da jirgin katako ke yi ranar da ya gaji. Na ce masa ya zagaye jirgin gaba ɗaya da igiya mai kauri, ƙasa-ƙasa, kamar ɗamara, ya sa tsofaffin tayoyi a kusurwoyi, sannan ya maƙala ƙugiya a jikin ɗamarar.

Igiyar ma sai an zaɓa. Ta nailan tana miƙewa kamar roba, in ta tsinke dawowa take yi da ƙarfin da zai iya kashe mutum. Shuɗiyar nan mai araha da ke kan ruwa, rana na cinye ta, tana nan kamar lafiya alhali ta ruɓe. Ta ramar Kawu ba ta kai su ƙarfi ba, amma kafin ta tsinke sai ta yi ƙara, zare ya fara tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kauce. Yanzu dole a koyi abin da a da igiya ke faɗa da bakinta: kada kowa ya tsaya a saitin waya, a kuma yafa mata jiƙaƙƙen buhu a tsakiya don in ta tsinke ta faɗi ƙasa.

Na saya. Na haɗa da kura ɗaya, safar hannu ta fata saboda tsinin waya, da 'yan ƙusoshin nan masu taushi guda goma a ƙulle cikin leda, na ba direban motar Yelwa. Na rubuta a takarda cewa a wanke shi a shafa masa mai duk ranar da ya shiga ruwa, kada kuma a sa masa wata waya in ba tasa ba.

Kawu yana nan da rai, ido ya tafi, kunne na nan. An ce da kayan suka iso ya sa aka kai masa, ya shafa jikin ƙarfen, ya kaɗa mariƙin sau biyu, ya tambaya ko mutum nawa ne a ciki. Aka ce masa ya kai 20. Ya ce, "To, su wa za su sauke buhunan?"

Bayan sallar layya ɗan ƙanwata ya sake kira. Jirgi ya hau wani tudu ƙasa da Yelwa, shi da yaransa biyu suka binne gungume, suka fid da shi tsakanin azahar da la'asar. Ƙusa ɗaya ta karye, ya sa wata daga cikin ledar. Ya ce tuni masu jirgi uku sun zo aro, yana tunanin ya fara karɓar kuɗin haya, ko me na gani.